Haƙƙin Kare A Kan Wanda Ya Tsare Shi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci mai tafiya da ƙafa biyu da mai tafiya da huɗu, Ya kuma lamunce arzikin kowannensu. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, wanda aka aiko domin jinƙai ga talikai, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, karatun wannan mako zai fara ne da labarin wata karya ta ƙasar Turawa. Mai yiwuwa ne wani ya ga haka ya yamutsa fuska, ya ce me ya haɗa filin addini da zancen kare? To, sai ya tuna cewa Allah da kanSa Ya ambaci karen samarin nan na kogo a cikin Suratul Kahfi, Ya kuma halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo a cikin Suratul Ma'ida. Malaman fiƙihu kuwa sun yi maganar kare a babin tsarki, da babin farauta, da babin ciniki, da babin ciyarwa. Abin da malamai ba su ji kunyar rubutawa ba, almajiri ba ya jin kunyar karantawa.

A cikin shekarar 1913 ko 1813 ba a san irin wannan sana'a da za a ambata ba yadda take a yau, amma a shekarar 2013 an ceto wata 'yar ƙaramar karya daga wani gidan kiwon karnuka a ƙasar Wales, wadda take maƙwabtaka da Ingila. Irin karnukan nan ce masu dogon kunne da gashi mai laushi, waɗanda aka sa wa jinsinsu sunan wani sarkin Ingila na da. Shekarunta wajen biyar a lokacin, kuma kusan dukansu a cikin keji ta yi su, ba ta da aikin komai sai haihuwa. Da aka fito da ita sai aka tarar ƙashin bayanta ya tanƙware saboda ƙuncin wuri, ƙugunta ya sanƙare, gashinta ya zube a wurare da dama, ga rama, ga kuma farfaɗiya. Wata mata ta karɓe ta, ta yi jinyarta, ta riƙe ta har ta mutu a shekarar 2016. Sunan karyar Lusi. Labarinta ya bazu, masu jinƙan dabbobi da likitocinsu suka yi ta kai ƙara ga hukuma, har aka kafa doka da sunanta, wadda ta fara aiki a Ingila ranar 6 ga watan Afrilu, 2020. Dokar ta hana dillalai da masu kantuna sayar da ɗan kwikwiyo ko ɗan kyanwa wanda bai kai wata shida ba. Mai so, sai ya tafi wurin wanda ya kiwata uwar, ko kuwa gidan da ake tara dabbobin da aka ceto.

Irin gidan da Lusi ta fito Turawan Ingila suna ce masa gonar kwiyakwiyai, na Amurka kuwa suna kamanta shi da masana'anta. Yadda sana'ar take shi ne, karya tana ɗaukar ciki kwana 63 ne ko kusa da haka, tana kuma neman namiji kamar sau biyu a shekara. Mai gonar ba ya barin zagaye ɗaya ya wuce ba a yi mata barbara ba. Da ta haihu, tun 'ya'yan ba su isa yaye ba, sai a kwashe su a kai wa dillalai, ko a baza hotunansu a intanet. Mai saye ɗan kwikwiyo yake gani an wanke shi tas, ba ya ganin uwar, ba ya kuma jin warin wurin da aka baro ta. Ran da ta daina haihuwa kuwa, ranar amfaninta ya ƙare.

Abin ba na ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ba ne. A jihar Virginia ta Amurka an taɓa yin wani babban gidan kiwo na kamfanin Envigo, wanda ya riƙa sayar da karnuka ga ɗakunan gwajin magunguna. Masu binciken gwamnati sun tarar kwiyakwiyai fiye da 300 sun mutu a can cikin wata bakwai na shekarar 2021 ba tare da an gano dalili ba, an hana masu shayarwa abinci har wajen kwana biyu, an kuma sami tsutsa da fumfuna a cikin abincin. A shekarar 2022 gwamnati ta kai ƙara, kotu ta amince a kwashe karnuka wajen 4,000, aka rarraba su ga ƙungiyoyi, su kuma suka ba mutane riƙo kafin a samar musu gidajen zama. A shekarar 2024 kamfanin ya amsa laifinsa, aka ɗora masa biyan kuɗi fiye da dala miliyan 35. Abin tausayi a nan, jinsin karnukan asalinsa na farautar zomo ne, ga su dubbai sun girma ba su taɓa taka ciyawa ba, balle su ga zomo.

To, mutum uku ne a cikin wannan labari: wanda ya tsare dabbar, da wanda ya cece ta ya riƙe ta na ɗan lokaci, da wanda aka miƙa wa ita daga ƙarshe. Kowannensu Shari'a tana da magana a kansa.

Wanda ya tsare

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin wata mata da ta shiga wuta saboda kyanwa. Ta kulle ta har ta mutu, ita ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Wannan hadisi shi ne asali a cikin wannan babi, kuma ya kamata a lura da inda laifin matar yake. Abu biyu ta haɗa, tsarewa da hanawa. Karen da yake yawo a gari, komai wulaƙancinsa, yana da juji, yana da bayan mahauta, yana da kududdufi. Wanda aka sa a keji ko aka ɗaure a turke an yanke masa dukan waɗannan, ba shi da wata ƙofar arziki sai hannun wanda ya ɗaure shi. Saboda haka duk wanda ya rufe ƙofa a kan mai rai ya ɗora wa kansa ci da shan wannan rai, ko yana son dabbar ko ba ya so.

Malaman mazhabar Imamu Malik ba su bar wannan a matsayin wa'azi kawai ba, sun mai da shi hukunci. Shehu Halilu ya faɗa a cikin Muhtasar, a babin ciyarwa, cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyayar da za ta ci da kanta, idan kuwa ya ƙi sai a sayar da ita, haka nan idan yana ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta. Masu sharhi suka bayyana cewa abin nufi shi ne a fitar da ita daga mulkinsa, ko ta hanyar sayarwa ko ta hanyar sadaka. Watau ƙwace dabba daga hannun mai zaluntarta, wanda kotun Virginia ta yi a shekarar 2022, hukunci ne da yake rubuce a cikin littafin da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan tun ɗaruruwan shekaru. Har ila yau masu sharhin suka kawo wata mas'ala mai ban mamaki. Suka ce idan kyanwa ta makance a gidan mutum har ba ta iya fita, ciyar da ita ya wajaba a kansa. Ba shi ya saye ta ba, ba shi ya kira ta ba, kuma bera ɗaya ba za ta sake kama masa ba. Gajiyawarta a gidansa ita ce ta ɗora masa nauyin.

Shehu Izzuddini ɗan Abdussalami, babban malamin Shafi'iyya wanda ya rasu a Misira a shekarar 660 ta Hijira, ya lissafta haƙƙoƙin dabbobi a kan ɗan Adam a cikin littafinsa Ƙawa'idul Ahkam. Na farkonsu shi ne a ciyar da su irin ciyarwar da ta dace da jinsinsu, ko da sun tsufa ko sun yi ciwon da ba a sauran amfana da su. Ya kuma ambaci kyautata makwancinsu da mashayarsu, da kada a haɗa su da abin da zai cuce su. Mai gonar kwiyakwiyai, wanda yake yar da karya ranar da ta daina haihuwa, ya faɗi tun a sharaɗi na farko.

Sai maganar raba uwa da 'ya'ya. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa sahabbai suna cikin tafiya suka ga wata 'yar tsuntsuwa da 'ya'yanta biyu, suka ɗauke 'ya'yan. Uwar ta zo tana ta kaɗa fukafukai a kansu. Da Manzon Allah ya komo ya gan ta, sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umurni a mayar mata da 'ya'yanta. Waƙidi kuwa ya kawo a cikin littafinsa na yaƙe-yaƙe cewa a kan hanyar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah ya ga wata karya kwance a gefen hanya tana shayar da 'ya'yanta, sai ya sa wani sahabi mai suna Ju'ailu ɗan Suraƙa ya tsaya kusa da ita don kada wani daga cikin rundunar ya taɓa ta. Wannan ruwayar malaman tarihi ce, ba ta kai darajar abin da yake cikin Buhari da Muslim ba, amma ta dace da halin wanda aka ba da labarinsa. Halilu ma ya ce ba a tatsar nonon dabba sai gwargwadon abin da ba zai cuci ɗanta ba. Idan an hana rage wa ɗan maraƙi nono, ina ga ɗauke ɗan kwikwiyo gaba ɗaya daga nonon uwarsa don kasuwa ta yi kira? Likitocin dabbobi sun ce kada a raba su kafin mako takwas, dokar Ingila ma ta hana masu lasin sayar da wanda bai kai haka ba.

Kuɗin da ake wannan zalunci dominsa shi kansa abin dubawa ne. Ya tabbata a cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, daga Abu Mas'udu Al'ansari, cewa Annabi ya hana cin kuɗin kare. Abin da ya shahara a mazhabar Malik shi ne hanin ya haɗa har da karen da aka yi izinin riƙewa, ko da yake Sahnunu ya halatta sayar da wannan, har aka ruwaito yana cewa zai iya zuwa aikin hajji da kuɗinsa, Imamu Abu Hanifa ma ya halatta. Amma saɓanin malamai a kan karen farauta ne da na kiwo, mai amfanin da Shari'a ta sani. Tara karnuka ɗari a keji domin sayar wa masu ado bai sami mafaka ba ko a wurin masu sauƙaƙawa, domin ko da cinikin ya halatta azabtarwar ba ta halatta ba.

Wanda ya ceto

Buhari da Muslim da Malik sun ruwaito daga Abu Huraira labarin wani matafiyi da ƙishirwa ta tsananta masa, ya sami rijiya ya shiga ya sha. Da ya fito sai ya ga kare yana lallage, yana lasar danshin ƙasa. Mutumin ya gane abin da ya same shi ne ya sami karen. Ya koma cikin rijiyar, ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe shi da baki ya hauro, ya shayar da karen. Allah Ya gode masa, Ya gafarta masa. Sahabbai suka tambaya ko ashe akwai lada a cikin dabbobi, sai Manzon Allah ya amsa musu cewa akwai lada a cikin kyautata wa duk mai ɗanyar hanta, watau duk mai rai. A wata ruwayar kuma wata karuwa ce daga Bani Isra'ila ta yi irin wannan aiki, aka gafarta mata. Ba a ce karen nan na farauta ba ne, ba a ce na kiwo ba ne, ba a ma ambaci mai shi ba. Abin da aka sani game da shi kawai shi ne yana jin ƙishirwa.

Malamai sun kai wannan al'amari har cikin babin salla. Idan matafiyi yana da ruwan da zai ishe shi alwala kaɗai, ga kuma dabba mai alfarma tare da shi tana shirin halaka don ƙishirwa, sai ya ba ta ruwan ya yi taimama. Masu sharhin Muhtasar sun ambaci karen da aka yi izinin riƙewa a cikin dabbobin da ake yi wa haka.

Amma a nan ne mai tsoron Allah zai tsaya ya yi tambaya, kuma tambayarsa tana bisa hanya. Ya tabbata cewa wanda ya riƙi kare, in ba na farauta ko na kiwo ko na gona ba, ana rage masa ƙiraɗi ɗaya na lada kowace rana, a ruwayar Ibnu Umar ma ƙiraɗi biyu. Ibnu Abi Zaidin ya tafi a kan haka a cikin Risala. To, wanda ya tsinci kare mai ciwo ya kai shi gida yana jinya, ya shiga cikin wannan ragi?

Abin da ya bayyana daga haɗa hadisan shi ne, riƙon da aka yi gargaɗi a kansa shi ne mallakar kare don sha'awa, ba tare da wata bukata ba. Mai jinya bai nemi kare ba, lalura ce ta jefo masa shi, niyyarsa kuwa ya warke ya miƙa shi gaba. Aikinsa ɗan'uwan aikin mutumin rijiya ne, sai dai shi nasa ya ɗauki makonni. Sharaɗin dai shi ne riƙon ya tsaya a gwargwadon lalurar. Malamai da yawa kuma sun ƙiyasta tsaron gida a kan tsaron gona da garke. Masu sharhin Risala sun ruwaito cewa shi kansa Ibnu Abi Zaidin, da katangar gidansa ta faɗi a Ƙairawan yana kuma tsoron miyagu, ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi haka, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye.

Maganar najasa kuwa, wadda ita ce ta fi sa mutanen ƙasar Hausa gudun kare, akwai abin mamaki a cikinta. A mazhabar Malik, wadda akasarin mutanen ƙasar nan suke bi, duk mai rai mai tsarki ne, har kare, da gashinsa da guminsa da yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallagi a cikinta, kamar yadda hadisi ya zo da shi, a wurin Malikawa bauta ce da ake yi don bin umurni. Daga cikin hujjojinsu akwai halatta abin da karen farauta ya kamo da bakinsa, da kuma abin da Buhari ya kawo daga Ibnu Umar cewa karnuka suna shiga masallaci suna fita a zamanin Annabi ba a yayyafa ruwa saboda haka. Shafi'iyya da Hambaliyya su a wurinsu najasa ne mai kauri, sai an wanke sau bakwai ɗaya da ƙasa. Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Abin da babu shi a kowace mazhaba shi ne cewa najasar dabba tana halatta jifanta, kamar yadda yara suke yi a unguwanni manya suna kallo. Umurnin kashe karnuka da aka yi a Madina, Muslim ya ruwaito cewa daga baya an janye shi, in ban da wanda aka keɓe, kamar mai cizon mutane.

Sai dai mai riƙo ya kiyaye hadisin da ya ce mala'iku ba su shiga ɗakin da yake da kare. Haɗɗabi yana ganin wannan a kan karen da aka hana riƙewa ne, Nawawi kuwa ya rinjayar da cewa ya game kowane kare. Mafita mai sauƙi ce: a yi masa rumfa a tsakar gida ko a bayan gida, inda akwai inuwa da iska, nesa da ɗakin kwana da wurin salla, a ware masa kaskonsa na ci da na sha.

Jinyar kanta tana bukatar sani, domin tausayi ba tare da sani ba yakan kashe. Abu na farko shi ne likitan dabbobi, tun kafin yara su kusance shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum da wuya ƙwarai ya tashi. Allurar rigakafinsa ta karnuka ana yin ta a cibiyar binciken cututtukan dabbobi da take Vom a jihar Filato. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, sai ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran ganin abin da zai faru. Karen da ake zaton ya haukace kuwa ba a ɗaukarsa riƙo, hukuma ake sanar wa, domin ran ɗan Adam shi ne a gaba. Bayan rigakafi sai maganin tsutsar ciki da kaska da ƙazwa, a kuma ware shi daga sauran dabbobin gida har ya warke. Wanda ya daɗe da yunwa ba a cika masa kasko rana ɗaya, kaɗan-kaɗan ake ba shi sau da yawa. Albasa tana cutar da jinin kare, dafaffen ƙashi kuma yakan tsage ya huda masa hanji, saboda haka ba kowane ragowar miya ake zuba masa ba.

Ciwon jiki ya fi saurin warkewa bisa ga na zuciya. Waɗanda suka riƙi karnukan da aka ceto daga irin gonakin nan sun ba da labarin cewa wani idan an buɗe masa ƙofa ba ya fita, domin bai san akwai waje ba. Wani idan an miƙa masa hannu sai ya ƙanƙame yana makyarkyata, domin bai taɓa ganin hannu ya zo da alheri ba. Irin wannan ba a yi masa tsawa, ba a jansa da ƙarfi. A ajiye abinci a ja da baya, a bar shi shi ya fara matsowa, ko da zai ɗauki wata guda ko fiye. Wanda ya san ba shi da wannan haƙuri, ya fi masa alheri ya taimaka da kuɗin magani ya bar riƙon ga wani.

Wanda aka miƙa wa

Idan kare ya warke, amana ta koma neman inda za a kai shi. A ƙasar Hausa masu bukatarsa ta halal ba su da wuyar samu, ga mafarauci, ga makiyayi, ga mai gona ko lambu a bayan gari, ga mai gidan da ɓarayi suka dama. Amma bukata kaɗai ba ta isa ba, sai mai riƙo ya bincika ko mutumin yana da halin ciyarwa, da kuma yadda yake yi da dabbobin da suke hannunsa tun da fari. Wanda jakinsa yake da gyambo a baya yana kuma yi masa lodi, an riga an ga amsarsa. Wajibi ne kuma a faɗa masa aibin karen, in yana da farfaɗiya, ko tsoro, ko ya taɓa cizo, domin ɓoye aibi algus ne, ko a ciniki ko a kyauta. Abin da ya fi kuɓutarwa shi ne a bayar da shi kyauta, a fita daga saɓanin malamai a kan kuɗinsa.

Mas'alar da ta fi wuya ita ce ta irin su Lusi. Ita ba ta farauta, ba ta kiwo, ɓarawo ma dariya zai yi mata. Mutane ne suka yi ta haɗa irinta har ta zama abin ado, ba ta iya neman abinci a juji kamar karen gari, sakinta a titi daidai yake da kashe ta. Musulmin da yake zaune a Ingila ko Amurka, ko a manyan biranen ƙasar nan inda kiwon karnukan Turawa don sayarwa ya fara yawa, yana iya wayar gari da irinta a hannunsa. Ba a umurce shi ya mai da ita 'yar ɗaki ba, ba a kuma yarje masa ya jefar da ita ba. Sai ya nemi ƙungiyar masu kula da dabbobi ko wani mai riƙon amana ya ba shi, ko da ba Musulmi ba ne, domin abin da ake nema shi ne ran dabbar ya tsira. Idan ya nema iyakar ƙoƙarinsa bai samu ba, to, ta zama kamar makauniyar kyanwar nan da masu sharhin Muhtasar suka ambata, ciyar da ita yana kansa har Allah Ya kawo mafita.

Kada kuwa mai karatu ya ɗauka keji sai a Turai. Akwai karen gadi da ake ɗaurewa da sarƙa kamu uku a rana tsaka cikin watan bazara, kaskon ruwansa a bushe, wai don ya ƙara zafi da dare. Akwai wanda ake yi wa canjin wurin aiki ya kwashe kayansa har da tukunyar fure, ya bar kare a kulle a gidan haya. Akwai mafaraucin da karensa ya tsufa ko ya karye, ya daina ba shi ko ƙanzo. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah ya shiga lambun wani mutumin Madina, wani raƙumi ya gan shi ya yi kuka idanunsa suna zubar da hawaye. Ya shafa shi har ya natsu, sa'an nan ya nemi mai shi, ya yi masa faɗa a kan rashin tsoron Allah game da dabbar da Allah Ya mallaka masa, ya gaya masa cewa raƙumin ya kawo ƙarar yunwa da yawan aiki.

Maƙwabcin da ya ga irin wannan, ba a ce ya haura katanga ya kwance dabbar mutane ba, domin wannan ɓarna ce a kan ɓarna. Ya fara da nasiha a asirce, da tattausan harshe, yana iya ma miƙa ruwa da abinci da izinin mai gidan. Idan mai shi ya nuna ya gaji da karen, sai ya roƙe shi ya ba shi, ya nema masa wuri. Idan ya ƙi ciyarwa ya kuma ƙi bayarwa, sai a kai maganar ga limamin unguwa ko mai unguwa, daga nan zuwa ga hukuma, domin fitar da dabba daga mulkin mai ita aikin alƙali ne. Allah Shi ne Mafi sani.